Abin da Ke Tafiya a Kan Auta

Ƙanwata, autar ɗakinmu, ba ta yi magana ba sai da ta shekara biyar. Ko da ta fara, kalmominta kaɗan ne, takan fito da su ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Ba ta kallon mutum cikin ido. In kana mata magana sai ta kalli inuwarka a ƙasa, kamar daga can muryar ke fitowa. Tana da ƙoƙonta guda na shan fura, mai ɗan ɗinki a baki, in aka zuba mata a wani sai ta yini da yunwa. In mata suka soma daka takan toshe kunnuwa ta gudu bayan rumbu. A unguwarmu ta Wurno kowa da sunan da ya ba halin nata. Ni ban san masa suna ba. Turawa na nan lokacin, hakimi ya sa an kai ni makarantar 'yan mata a Sakkwato, na kuma duba duk littafin da hannuna ya kai gare shi, ban samu ba. Abin da na sani kawai, duniya tana shigo wa Auta da ƙarfi fiye da yadda take shigo mana.

Wuri ɗaya take samun sauƙi, gefen Kaka, mahaifiyar babanmu, in tana kaɗi. Kaka ta soma kaɗin zare tun tana budurwa, masaƙan unguwa in sun taɓa zarenta da yatsa sukan gane nata ne. Da hantsi takan shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta, ta ajiye taskirar auduga, ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari. Mazari ba ya ƙara. Ɗan guna ne yake yi siriri, sai ka yi shiru kafin ka ji shi, kamar ƙudan zuma ɗaya a cikin wani ɗaki can nesa. Auta takan zo ta durƙusa, ta kawo kunne kusa har gashin audugar na sauka a girarta. Can sai kafaɗunta su ɗaga, hannuwanta su soma kaɗawa kamar ɗan tsuntsu mai koyon tashi, ta ɗora tafi a tsakar kai ta ce, "Suna tahiya."

Wannan 'yar maganar ce ta ta da hankalin gidanmu.

Ina makaranta aka yi abin da aka yi. Inna ce ta ba ni labari daga baya, tana fuskantar tukunya, don ni ce 'yar farinta, ba ta yi mini magana kai tsaye. Da farko an ɗauka kwarkwata ce. Aka tsefe kai aka duba, ba komai. Aka ce to a aske, ko ƙwan ya ɓuya. Auta ba ta son a taɓa ta ko da wasa, balle a kai, sai da maƙwabta suka shigo aka danne ta. Bayan askin nan ta yi kusan wata ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Aka karɓo rubutu wurin malam ta sha a ƙoƙonta. Da maganar ta dawo, da abin nan ta dawo, ranar da ta sake durƙusawa gefen Kaka.

Kaka mace ce mai lura. Ita ta gane cewa abin ba ya tashi sai in tana kaɗi. Ta yi tunaninta, ta yanke cewa gunan mazari ne ke motsa mugun jini a kan yarinyar. Sai ta naɗe mazarin a tsumma, ta hau turmi, ta soke shi a jinkar ɗaki. Sana'ar da ta yi tsawon rayuwarta ke nan ta ajiye, ba ta yi shawara da kowa ba, don jikarta ta samu lafiya.

Da hutun damina motar kaya mai wucewa Goronyo ta sauke ni a Wurno. Na shiga gida na tarar da Auta zaune a ƙofar ɗakin Kaka, ta rame, gashinta ya soma tsirowa kamar ciyawar ruwan farko. Wani tsinke take murzawa tsakanin yatsu, ta kai shi kunne, ta sauke, ta sake murzawa. Na zauna nesa kaɗan yadda take so, na gaishe ta. Ba ta ko juyo ba.

Kaka ta fito tana gyara zane. Hannuwanta sun rasa abin yi, sai kamawa suke suna saki.

"Malama ta iso," in ji ta. "An koyo Turancin, ko an baro shi can?"

"An koyo, Kaka. Ina mazari?"

"Ba gaisuwa, sai tambaya. Haka Baturiya tak koya muku?"

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata. Ta amsa, ta shafa kaina, ta ce na yi tsawo ba jiki kamar karan dawa. Sannan ta rage murya.

"Kin ga ƙanwarki. Na ɗauke mazari, abin bai hita ba, ciki yas shige. Ba ta ci, ba ta dariya. Jibi wanzami na dawowa daga Goronyo. In ya zaka, a sa mata ƙaho ga ƙeya, a jaye jinin ga da ke yawo."

Na san ƙaho. Na ga an yi wa Baba a baya. Wanzami kan tsattsaga fata da aska, ya kifa ƙahon saniya a wurin, ya zuƙe iskar ya toshe, a zauna har jini ya taru. Babba ma sai ya ciji leɓe. Na dubi ƙeyar Auta, 'yar siririya, na tuna wata gudan da ta yi shiru saboda aski kawai. Idan aka danne ta aka sa mata aska a fata, ban san ko 'yan kalmomin nan za su sake dawowa ba. Kwana biyu ke gare ni, kuma ni kaina ban san ko Kaka ce ke da gaskiya ba.

Washegari aka yi ruwa da azahar, ya ɗauke kafin la'asar. Tsakar gida ta yi sanyi, kajin Inna suna karkaɗe jiki a gindin zogale. Na ɗauko littafin rubutuna da fensir na zauna a bakin ɗaki. A lokacin ina yawan rubuta 'yan baituka da ba na nuna wa kowa, a kan ruwa, a kan fadama in shinkafa ta yi kore har iyakar gani, a kan abubuwan da ba su da amfani ga kowa sai ni. Gidan ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai bakin fensir a kan takarda.

Ban ji zuwanta ba. Numfashinta na ji a hannuna. Auta ta durƙusa, ta kawo kunne dab da takardar. Na ci gaba da rubutu a hankali, ina satar kallonta. Kafaɗunta suka ɗaga. Hannuwan suka soma kaɗawa. Ta ɗora tafi a kai.

"Suna tahiya."

Na ɗaga fensirin. Na ce a raina, ga shi ni ma na ta da mata ciwon. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta kama wuyan hannuna da yatsu biyu, ta mai da shi kan takardar, ta danna.

"Ƙara," ta ce.

Na ƙara. Baitukan sun ƙare, sai na shiga jan layi, ina zana da'ira a kan da'ira. Fuskarta ta buɗe. Ba murmushi irin namu ba ne, na gaisuwa, wani haske ne da ya taso daga ciki bai damu da ko ana kallo ba. Na cika shafi biyu da zane. Da na tsaya hannuna ya gaji, na tambaye ta a hankali, "Auta, ina suka tahiya?"

Ba ta amsa da baki ba. Ta miƙe ta zagaya bayana. Na ji 'yan yatsunta a tsakar kaina, da ƙyar suke taɓa gashi, suka gangara ta bayan kunne, suka bi ƙeya, suka sauka tsakanin kafaɗu. Tsikar jikina ta tashi yarr.

Na san wannan. Na taɓa jin sa sau ɗaya ko biyu, ranar da wata tsohuwa ta rera waƙar wa'azi a gidan suna muryarta na rawa, da ranar da na fara ganin kogi ya cika ya shafe gonaki yana sheƙi. A wurina abin kan zo ya wuce kafin in kama shi. A wurin Auta yana zuwa da yawa, ya daɗe, kuma ƙaramin abu ke kawo shi. Kunnen da ke sa ta gudun taɓarya, shi ne ke jiyo mata daɗin da mu ba mu ji a cikin gunan mazari. Daɗi ne take ba mu labari da iyakar kalmomin da take da su, mu kuma muka aske ta.

Na tafi wurin Kaka da gudu-gudu na faɗa mata duk abin da ya faru. Ta saurara har na gama.

"Tac ce ki ƙara?"

"Da bakinta, Kaka."

"To. Ke ma da kina rarrahe ƙasa kika ci, in an ɗauke ki kuka kike a ƙara miki. Sai mu bar ki?"

"Wanga daban na."

"Komi daban na wurin 'yan makaranta. Ni na ga yarinya na kaɗa hannu tana riƙe kai tana cewa abu na tahiya ciki. Mai lahiya ba ya haka."

Ta shige ɗaki. Na je wurin Inna, ta ji ni sarai, idonta ya kawo ruwa, amma ta ce wa muciya, ba ni ba, tsohuwa ta riga ta aika. Baba yana fadama wurin shinkafa tun safe har yamma, kuma na san ba zai ta da maganar mahaifiyarsa ba.

Ranar da aka sa, da hantsi, wanzami ya yi sallama. Dattijo ne mai fara'a, shi ya yi mana askin suna dukanmu, don haka har tsakar gida yake shigowa. Ya zauna a tabarma ya buɗe zabira, ya jera ƙahoni da aska. Auta na ganin zabirar ta sheƙa bayan rumbu. Inna ta aika a kira maƙwabtan da za su riƙe ta.

A gidanmu ba a musu da babba, balle a gaban baƙo. Amma akwai ƙofa ɗaya da aka bar wa jika a buɗe. Tana iya tsokanar kakarta a gaban kowa, ta faɗa mata abin da ko ɗanta na cikinta ba zai iya ba, a yi dariya a wuce. Ni ba gwanar wasan nan ba ce, Kaka ce kullum ke kayar da ni. Ran nan dai ba ni da wata ƙofar. Na durƙusa na gai da wanzami, na ce:

"Baba wanzami, an wahal da kai banza. Kan Auta lahiya lau yake. Hannun tsohuwa na yag gaza, kunya ta hana ta hwaɗi, tas soke mazari ga jinka tac ce don yarinya."

Inna ta saki abin da ke hannunta. Kaka ta juyo a hankali.

"Ke. Wa yag gaza?"

"Masaƙa na hwaɗi. Sun ce zarenki ya koma awa igiyar ɗaure jaki."

Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini, ba masaƙin da ya faɗi haka.

"Wane masaƙi? Hwaɗa min sunanai."

"Dukansu."

"Dukansu. Ji min 'yar ga da ko tuwo ba ta iya kwashewa. Ni da nika kaɗi tun uwarki ba ta san hannun cin abinci ba."

"Da can ke nan. Yanzu ido ya tahi, yatsu sun bushe. Ba laihi ba na, Kaka, tsuhwa ta."

Wanzami ya sunkuyar da kai yana wasa aska a tafin hannu, gemunsa na motsi. Ya ce, "Ni dai, Iya, na daɗe ina jin labarin zarenki har Rabah, amma ban taɓa ganin ana yin shi ba."

Kaka ta dube shi, ta dube ni. Ta ce in jawo mata turmi. Na jawo, na riƙe ta ta hau, ta zaro tsumman daga jinka. Ta sauko ta zauna, ta jawo taskira, ta hure ƙurar da ke kan audugar, ta shafa alli. Na daɗe ina zaton dabarata ce ta ci ta. Yanzu ina ganin ta gane ni tun kalmar farko. Yatsunta ne suka gaji da zama, zuciyarta kuma ba ta son askar nan fiye da yadda ni ba na so, ta dai rasa ta inda za ta janye maganarta.

Ta murza mazari. Zare ya soma fita daga audugar, fari, siriri, ba ƙulli ko ɗaya. Maƙwabta biyu da suka shigo suka tsaya a bakin ƙofa. Gunan nan ya tashi.

Sai ga kan Auta ya leƙo daga bayan rumbu. Ta dubi zabira, ta koma. Ta sake leƙowa. Wanzami ya jawo gefen rigarsa ya rufe kayan aikinsa, bai ko ɗaga kai ba. Ta taho tana bin bango, ta yi zagaye mai nisa don kada ta bi ta gabansa, ta zo ta durƙusa a wurinta na da. Ba a jima ba kafaɗu suka ɗaga, hannuwa suka kama kaɗawa, har da wata 'yar dariya a maƙogwaro wadda gidanmu ya yi watanni bai ji ba.

"Suna tahiya."

"Ka gani," in ji Kaka, ba ta daina kaɗin ba. "Ka ji da kunnenka. Shi na abin."

Wanzami ya daɗe yana kallon yarinyar. Sannan ya ce, "Iya, bari in ba ki labari. Akwai wani mahauci can Goronyo, ƙato, in ya riƙe bijimi sai bijimin ya durƙusa. Mutumin ga ba ya bari kwana bakwai su cika sai ya zaka aski. In ce mai, wane, ba gashi, mi za ni askewa? Shi ce in dai bi da aska hakanan. In na soma, sai ya lumshe ido, shi ce wani abu na sauko mai tun daga tsakar kai har baya, yarr, ya hi mai tuwo daɗi. Ba shi ɗai ba, suna da dama, kunya ka hana su hwaɗi. Wagga ba ta san kunyar ba, shi ɗai na bambancin."

"Mahauci daban, ɗiyar mutane daban."

"Kai dai kai na, Iya. Ni mai kuka nika sa ma ƙaho, wanda ciwo ya hana kwana. Ban taɓa sa ma mai dariya ba, kuma ba ni hwarawa ga jikarki."

Kaka ta ci gaba da murza mazari. Ban ce ta yarda duka ba. Har ta bar duniya takan ce Auta akwai abin da ke tare da ita, Allah dai ya sa na alheri ne. Amma ta ɗaga kai ta ce wa maƙwabta su koma aikinsu, an gode.

Saura matsala ɗaya. Wanzami ya baro mutane ya zo, ya buɗe zabira, kuma a wurin Kaka abin kunya ne a sallame shi ƙahonsa a bushe. Ta yi 'yan gunaguni, ta taɓa kafaɗa, ta ce dama wurin nan ya daɗe yana mata tsami. Aka sa Inna ta kawo ruwa. Kaka ta juya wa wanzami baya ta sassauta zane, ya yi mata tsaga, ya kafa ƙaho biyu, ɗaya a kowace kafaɗa. Ta zauna ƙiƙam kamar wata saniya mai fushi.

"Ke, mai baki," ta ce mini. "Tunda hannuna ya gaza, ɗauki ki gwada muna naki. Kada zaren ya sake."

Na ɗauki mazari. An koya mana ɗinki da saƙar allura a makaranta, ba a koya mana kaɗi ba. Na murza, ya yi tangaɗi ya faɗi. Na sake murzawa, ya yi ƙara kamar ana jan kara a ƙasa, zaren ya yi kauri, ya yi siriri, ya tsinke. Auta ta ɓata fuska. Ta miƙo hannu ta zare mazarin daga yatsuna, ta ajiye shi a cinyar Kaka a hankali, ta gyara masa zama. Sannan ta ce, a fili, kowa na ji:

"Ba ki iya ba."

Kaka ta yi dariya har ƙaho ɗaya ya ɓalle ya gangara cikin taskira. Wanzami ya ɗauko shi yana cire audugar da ta manne, ya ce, "Iya, zamna daidai, ba mu ƙare ba." Auta kuwa ta naɗe ƙafafu a gefenta, ta ɗora hannuwa a gwiwa, tana jira a gama.